Yinin Arzika a Gandun Ƙanƙara

A zamanin da mota ba ta riga ta ƙwace wa 'yan dako abincinsu ba, an yi wata ranar kasuwa a Rafin Doka da ruwa ya daskare cikin tulu, ana tsakiyar bazara. Mai sayar da ruwa ta karkata tulunta za ta tsiyaya wa wani, ko ɗigo bai zubo ba. Man shanun Fulani ya yi tauri har cokali ya kasa shiga. Mutane suka ɗaga kai, sai ga wani dogon mutum tsaye bakin rumfar 'yan dako, sanye da farar alkyabba, in ya yi numfashi hayaƙi ya fito masa ta baki.

Kowa ya ja da baya, ban da Arzika, babban 'yan dakon kasuwar. Shi ya gane mutumin. Shekara uku da suka wuce ya taɓa zuwa, ya ba da labarin wata ƙasa can ƙarshen arewa, inda sama take shanya koren haske da dare, hasken yana rawa kamar zane a igiya. Nomau, ƙanen Arzika, mutum ne mai son kallo. Ya ɗauki gammonsa ya bi baƙon, wai zai yi masa dako ya kuma ba idonsa abinci. Tun ran nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Uwarsu, Inna Tabawa, kullum magariba sai ta kwashe wa Nomau tuwonsa a akushi, ta rufe da faifai, ta ajiye bakin ƙofa. Gari ya waye ta ɗumama ta ba maƙwabta. Ƙafafunta sun soma ƙin ɗaukarta, kowa ya san kwanakin da suka rage mata ba su da yawa. Arzika kuwa ɗan fari ne, saboda haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce, “Kai wannan.”

Arzika ya je gaban baƙon ya tsaya.

“Salamu alaikum, baƙon da ba ya gumi. Ina ƙanena?”

“Aminci ya tabbata gare ka, ya kai ɗan Adam. Ni ne Zamharu, aljanin da aka ba tsaron Gandun Ƙanƙara. Ƙanenka yana raye a gandunmu. Ya ɗauki aiki bai ƙarasa ba. In ka ƙarasa abin da ya gagare shi, na ba ka shi.”

“Wane irin kaya ne?”

“Hasken samanmu ne. Duk shekara mukan sauko da shi mu wanke a tafki, mu naɗe, sai a mai da shi Dutsen Shanya. Hannunmu na sanyi ne, in mun taɓa shi sai ya daskare ya kakkarye. Kan ɗan Adam kaɗai ke iya kai shi lafiya. Sharaɗi ɗaya ne: kada kayan su taɓa ƙasa har lokacin aikin ya cika. In sun taɓa, za ka tsaya inda ƙanenka ya tsaya.”

Arzika ba yaro ba ne, shekara ashirin da biyar yana dako. Ya tambayi nauyin kayan, aka ce bai fi buhun gero ba. Ya tambayi nisan dutsen, aka ce daga inda zai ɗauka yana hango shi, kuma duk wanda bai sauke ba zai isa cikin lokaci. Ya tambayi 'yan fashi, aka ce babu.

“To lokacin fa, wa zai yanka?”

“Kai. Bisa al'adarku zan ɗauke ka, ba bisa tamu ba. Na rantse da Wanda ya halicce mu da ku, na karɓi al'adar 'yan dako dukkanta. Yaya kuke yi?”

“Mu yini muke yi. Daga ɗauka zuwa faɗuwar rana.”

Zamharu ya yi murmushi, ya ce, “Na yarda.”

Komai Arzika ya tambaya, sai abu ɗaya. Bai tambayi yaushe rana take faɗuwa a can ba. Wa zai tambaya? Mutumin da tun kakanninsa rana ba ta taɓa saɓa musu alkawari ba.

Ya koma gida ya ɗauki gammonsa, da doguwar sandarsa mai gwafa, da ƙuli-ƙuli da dakuwa a 'yar jaka. Ya durƙusa bakin ɗakin Inna ya ce zai tafi nemo Nomau. Ba ta dube shi ba. Ta ce, “Kai wannan, ka tafi da bargo.” Abin da ta ce ke nan.

Da Arzika ya koma kasuwa, Zamharu ya ce masa ya taka gefen alkyabbarsa ya runtse ido. Ya ji zafin rairayi ya wuce ta ƙarƙashinsa, ya ji ƙarar wani babban ruwa mai warin gishiri, ya ji ƙamshin wasu itatuwa da bai san su ba, daga nan sai sanyi ya mare shi a fuska. Ya buɗe ido ya gan shi bakin wani tafki, ruwansa garau har ana ƙirga duwatsun ƙasa. Fili ne iya ganin ido, kore shar, da ƙananan furanni, da tsaunuka masu farin rawani. Can gaba ga Dutsen Shanya, a ganin Arzika bai fi tafiyar hantsi zuwa la'asar ba. Bai san iskar ƙasar ba ta da ƙura ko kaɗan ba, abin da ke nesa sai ya zo maka kamar ka miƙa hannu.

Kayan suna bisa wani dandamali na ƙanƙara, naɗe cikin fata, ta bakin ɗinki wani kore-kore yana leƙowa. Arzika ya naɗa gammo, ya yi bisimilla, ya sa kai. Zamharu ya nuna masa wata siririyar hanya, ya ɓace.

Ya yi ta tafiya. Ƙasar laushi gare ta kamar katifar rimi, duk takun da ya yi sai ƙafa ta nutse ya zaro ta da ƙarfi. Sauro kuwa, a ce ƙasar sanyi tana da sauro irin wannan! Suka taso masa gari guda, suka shiga hanci, suka shiga kunne. Ya daure, yana cewa yini ɗaya ne.

Da wuya ya fara yi masa zafi sai ya duba inda zai yi loko. Loko shi ne hutun ɗan dako: ka sami bishiya mai reshe biyu, ka jingina kaya a tsakani, ka tokare da sanda, ka zare kanka ka huta, kaya ba su taɓa ƙasa ba. Da wannan dabara Arzika ya dogara tun daga gida. Ya duba gabas, ya duba yamma. Bishiyar da ta fi kowace tsawo a ƙasar nan gwiwarsa ta kawo. Ya tsaya yana kallonta, ya ce, “Ke ko tsufa kika yi a tsugune?” Ya wuce.

Rana ta karkata, ta yi ja, ta sauko har ta kusa taɓa kan tsauni. Arzika ya ce alhamdu lillahi, ya ƙara sauri, don dutsen bai matso ba ko kaɗan. Rana ta zo dab da ƙasa, sai ta bi gefe tana gangarawa kamar akuya tana zaga turke. Ta yi ta bin gefe, ta yi ta bin gefe, can sai ta soma hawa. Ya murje ido. Ya ce ƙila gajiya ce ta sa ya ga ba daidai ba. Ya yi sallolinsa a tsaye da nuni, kaya a ka, bai san ko azahar yake yi ko isha ba.

Ta sake saukowa, ya sake cewa saura kaɗan, ta sake hawa. A zagaye na uku ƙafafunsa suka kumbura, wuyansa ya mutu, idonsa ya koma ganin abu biyu-biyu. In ya lumshe ido yana tafiya sai ya ga tabarmarsa ta gida, ya farka a firgice yana tallafe kayan. Ba tsoron mutuwa ya fi damunsa ba. Akushin nan da ake rufewa da faifai shi ke tsaya masa a rai.

Yana cikin wannan hali ya iske wata tsohuwa zaune bisa tudu, tana kiwon wasu dabbobi kamar gwanki, ƙahoninsu sun yi rassa kamar busasshiyar bishiya. Ko mutum ce ko aljana, bai tambaya ba. Rana tana ƙasa-ƙasa, zuciyarsa tana ce masa ya wuce da sauri. Amma ba a yi masa tarbiyyar wuce babba da gaisuwar gudu ba. Ya tsaya, ya rage tsawo da kayan a kansa.

“Sannu da hutawa, Iya. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya dabbobin? Yaya sanyi?”

Tsohuwa ta dube shi tun daga ƙafa har gammo.

“Lafiya lau, ɗan nan. Mutum arba'in irinka sun wuce ni a nan cikin shekara arba'in. Kowannensu sai ya jefo mini sannu yana gudu, wai rana za ta faɗi. Ba wanda ya tsaya har in buɗe baki. Kai da ka tsaya, ji nan. Ranarmu in ta fito da bazara ba ta komawa. Saura kwana arba'in kafin ta faɗi, dutsen nan ma tafiyar kwana arba'in ce.”

Arzika ya dogara da sandarsa. Ya ce, “Inna lillahi. Iya, ai ko jaki ba ya kwana arba'in da kaya a baya.”

“Da ma wa ya ce ka kwana da su? Ina waɗanda suka riga ka? Duk wanda ya sauke, dutse yake zama, mai gandu ya ɗauke shi ya kafa a bakin hanya ya zama alama, tsakanin kowane da ɗan'uwansa tafiyar yini. Na farko yana bayan tudun can. Tsawonku ɗaya, gammonsa ma yana kansa. Ka yi masa sallama, ka roƙe shi. Amma barci ɗaya kawai zai iya riƙe maka, in ka zarce zai tsage.”

Ta ba shi busasshen cuku cike da jaka, ta nuna masa wasu 'yan baƙaƙen 'ya'yan ciyawa masu tsami da ake ci, da wani ganye da sauro ba ya so. Ta ce in rana ta gangaro dab da ƙasa ta ɓangaren arewa, wannan shi ne darensu, ya ƙaddara sallolinsa a kan haka.

Ya ja ƙafa ya haura tudun. Ga dutse tsaye, baƙi, gansakuka ta rufe masa kafaɗu. Arzika ya ce, “Salamu alaikum, ɗan'uwa. Don Allah ara mini kanka.” Ya jingina kayan, ya tokare da sanda, ya zare wuya. Ko da ɗumin kayan ya sauka bisa dutsen, sai dutse ya yi tari.

“Wash! Amin alaikumus salam. Kai ma yini ka ce?”

“Yini na ce, Baba.”

“To sannu da zuwa, wawa na arba'in da ɗaya. Ni ne Jatau, ni na buɗe muku hanyar wautar. Kwanta, yaro, kwanta. Shekara arba'in ina tsaye ba aikin fari ba na baƙi, yau dai na sami abin yi.”

Arzika bai ji ƙarshen maganar ba. Ya zube ya ja bargo ya rufe fuska saboda haske. Bai farka ba sai da ya ji Jatau yana nishi yana cewa, “Tashi, wuyana zai ɓalle.” Ya rama sallolinsa da goshi a ƙasa, ya ci cuku, ya sa kai, ya yi godiya. Yana ɗaga kayan dutse ya yi shiru.

Haka ya yi ta yi, kullum dutse ɗaya. Wani ya tambaye shi ko an yi damina mai kyau a gida. Wani ya tambayi matarsa da suna, Arzika ya ce bai san garinsu ba, dutsen bai ƙara magana ba har ya tashi. Na goma sha biyu Bakano ne, ya ce, “Na gaba da ni Bazazzage ne, na ga wucewarsa, tafiyarsa ma ta nuna. Ka ce masa in ji ni, ko a dutse ma bayana yake.” Da Arzika ya isar da saƙo washegari, Bazazzagen ya ce, “Ƙarya yake, ni ke gaba da shi da tafiyar yini. Kuma ka duba jakarka da kyau, kada ya zama ya sayar maka da sandarka.” Arzika ya so ya yi dariya, ƙarfin yin ta ne babu.

Barci ɗaya a yini ba ya biyan tafiya irin wannan. Takalmansa suka yage, ya yanki gefen bargo ya naɗe ƙafa. Gashin tsakiyar kansa ya tsige, wurin ya yi kanta. Ya ƙetare kogunan da ruwansu narkakkiyar ƙanƙara ce, yana lalubar duwatsu da sanda, in ya fito sai ya tsaya yana jiran ƙafafun su tuna cewa nasa ne. Ya bi ta kan wani farin fili mai santsi inda ya ga tsaguwa ba ta da ƙarshe, shuɗiya, iska tana kuka a ciki. Ga kyau ko'ina, tsaunuka da furanni da tsuntsaye, amma shi ƙafarsa kawai yake kallo. Rana kuwa ya tsane ta kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Duk inda ya juya tana nan.

Ran da ya bar dutse na talatin da uku, wani farin hazo mai jiƙa jiki ya sauko daga tsauni ya rufe duniya. Haske ya dushe, ya ƙara dushewa, har ya koma kamar bayan magariba. Arzika ya tsaya cik. Sai ya ji ƙamshin miyar kuka. Ya ji ƙarar taɓarya daga nesa. Sai ga muryar Inna Tabawa, ita ce sak, har da 'yar shaƙewar da take yi.

“Rana ta faɗi, ɗana. An yafe maka sauran. Sauke ka zo ka ci tuwo. Sauke, Arzika. Arzika, ɗana na kaina.”

Hannuwansa suka ɗaga da kansu suka kama kayan. Hawaye suka zubo masa. Shekara arba'in da biyar yana duniya bai taɓa jin wannan suna a wannan murya ba, bai kuma san yana son ji ba sai yau. Ya tsaya ya saurara har aka sake faɗa sau biyu. Sa'an nan ya sauke hannuwansa.

“Ko wace ce ke, kin iya murya, amma ba ki san gidanmu ba. Uwata ko a bakin kabarina ba za ta kama sunana ba. A'uzu billahi.”

Hazo ya yaye. Rana tana nan inda take, tana kallonsa.

A yini na arba'in ya iso gindin Dutsen Shanya da rarrafen tsaye, yana dogara sanda. Dutse na ƙarshe yana kusa da ƙoli, gansakuka ba ta gama kama shi ba. Arzika ya gane faɗin kafaɗun. Ya yi sallama, ya jingina kaya.

“Yaya? Yaya, kai ne? Wayyo Allah, me ya yi maka haka? Ka zama kamar sandarka.”

“Kai ka yi mini. An ce maka kallo abinci ne?”

“Yaya, Inna fa?”

“Na bar ta da rai. Kullum tuwonka yana bakin ƙofa.”

Ruwa ya tsattsafo daga inda idon dutsen yake. Can ya ce, “Kwanta, Yaya, zan riƙe.”

“Ba kwanciya. Dubi rana.”

Rana ta gangaro ta arewa kamar kullum, amma yau gefenta ya taɓa ƙasa. Arzika ya sake sa kai, ya hau sauran hawan, yana faɗuwa da gwiwa yana tashi, kaya ba su motsa daga gammo ba. Ya isa ƙoli ya tsaya. Rana ta nutse rabi, ta yi kamar za ta fasa, sai ta shige. Duniya ta yi shuɗi. Tauraro ɗaya ya fito. Arzika ya ce, “Ashe kina da kunya.” Ya sauke kayan bisa shimfiɗaɗɗen dutse.

Zamharu ya bayyana, alkyabbarsa tana ɗaukar ido.

“Ya kai ɗan Adam, ka cika yininka. Ba a taɓa cika shi ba sai yau. Ɗauki ƙanenka ka tafi.”

Arzika ya so ya ce to. Bakinsa ma ya buɗe zai faɗa. Sai ya tuna da dutsen nan da ya tambaye shi labarin matarsa. Ya dogara da sanda ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, da sauran magana. Ka rantse ka ɗauke ni bisa al'adar 'yan dako dukkanta, ko ba haka ba?”

“Haka ne.”

“To a wurinmu, kaya in sun isa, duk wanda ya sa kansa ƙarƙashinsu a hanya, ko taku goma ya yi da su, ko tsayawa kawai ya yi ya riƙe, ana sallamarsa tare da mai kai su. Ba a sallamar ɗaya a bar ɗaya a rumfa. Mu arba'in da ɗaya muka kawo kayan nan.”

Fuskar Zamharu ta canza, sanyi ya ƙaru har gemun Arzika ya yi fari.

“Duwatsu ne. Alamun hanyata ne.”

“Duwatsun da suka amsa sallama? Da za ka kama mu, da al'adarmu ka kama mu, ba ka ce mana komai a kan ranarku ba. Ban yi maka gardama ba, na yi yinin har ƙarshensa. Yanzu kuma da ta zo kanka sai ka ɗauki rabi ka bar rabi? In rantsuwar aljani haka take, faɗa mini in sani. Ni dai na gaji, ba ni da ƙarfin dogon zance.”

 Zamharu ya sunkuyar da kai.

“Rantsuwa ta riga ta fita, ya ɗan Adam, ba ta komawa. Kwance kayan.”

Arzika ya kwance igiya da yatsun da ba ya jin su. Zamharu ya buga ƙafa sau ɗaya, sai ga mutane suna tasowa bisa ƙolin ɗaya bayan ɗaya, suna kakkaɓe gansakuka daga kafaɗa, suna miƙa, gaɓoɓinsu na ƙara. Jatau ya taɓa gemunsa ya ce, “Ko wa zan tarar a gida, oho. Amma dai a kai ni.” Bakano da Bazazzage suka ga juna suka fara. Nomau ya rungume yayansa yana kuka.

Fata ta buɗe. Wani koren abu ya zame daga ciki, ya tashi a hankali, ya warware daga wannan gefen sama zuwa wancan.  Arzika ya zauna don ya kalla da kyau. Ya jingina bayansa da dutse. Ya ga gefen hasken ya soma kaɗawa, ƙasansa yana juyawa ja-ja.

Iyakar abin da ya gani ke nan. Nomau ya girgiza shi, ya ce, “Yaya, duba! Yaya, don Allah buɗe ido!” Jatau ya ce, “Rabu da shi, marar hankali.” Suka lulluɓe shi da guntun bargonsa.

Bai san yadda aka dawo da su ba. Ya farka dai ya ji zafi, ya ji kukan zakara, ya gan shi a soron gidansu, Nomau yana tallafe da shi. Inna Tabawa ta fito tana bin bango. Ta kama fuskar Nomau da hannu biyu, tana kiran sunansa tana zaginsa tana shafa kansa, ta jawo akushi ta buɗe faifai. Arzika ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dubi kantar da ke tsakiyar kansa, ta dubi ƙafafunsa naɗe da tsumma. Ta kau da kai. Ta ce, “Kai wannan, ina bargon?”

“Ya ƙare a hanya, Inna.”

 Ya shiga ɗaki ya kwanta.

Gari ya ɗauka, mutane suka cika ƙofar gida, kowa yana son ya ji daga bakin Arzika yadda hasken yake. Sai suka tarar da tsohuwa zaune a ƙofar ɗakinsa, ta gitta sandarsa mai gwafa bisa cinyarta, ta toshe tagar ɗakin da zanenta don kada rana ta leƙa. Kwana uku tana nan. Duk wanda ya matso sai ta ɗaga sandar.

“Mai son labari ya je wurin Nomau, shi ya yi kallo. Wannan barci yake. Wanda ya tashe shi, ni da shi ne.”